Jingar Garinmu da Kakan Bature

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To ni bara ma ban san wani daɗi da na ji a cikinta ba, amma tsufa ba ya neman izini kafin ya zaunar da mutum a bakin katifa ya fara jero masa matattu. Abin da ya fama mini wannan miki wani ɗan bidiyo ne da jikana ya turo mini a waya. Na dawo daga aiki ke nan, ina ɗakinmu na unguwar Mesaimeer a Doha inda muke cushe kamar kifin gwangwani, na kunna, sai ga tifofi sun yi layi, katafila tana yagar wani dogon tudu tana loda musu. Muryar ja'irin tana bayan hoton yana cewa, "Kaka, ga garinku nan ana kwashewa, ciko ake kai wa birni." Wani ɗan Zangon ƙasar Gana da muke ɗaki ɗaya ya leƙo ta kafaɗata, ya ce ai wannan ƙasa ce kawai, ina garin? Na ce ya yi gaskiya, na kife wayar. Tudun nan jingarmu ce, ita kaɗai ta rage a doron ƙasa da za ta ba da shaidar an taɓa yin mu.

Wanda bai tashi a bakin kogi ba bai san jinga ba. Katanga ce ta laka, doguwa, mai faɗin da jaki da mangalarsa zai wuce a kanta, an ja ta tsakanin kogi da fadamar da muke noman shinkafa. Garinmu yana bayanta a cikin kwari, har in damina ta yi tsakiya kana tsaye a tsakar gida za ka hangi kwale-kwale yana wucewa sama da kanka. A tsallaken kogi kuma birnin hakimi ne, mai kasuwa da kantuna da gidajen kwano. Ruwa ɗaya muke sha da su, amma kwaɗi suke ce mana. Kowane gida a garinmu yana da gaɓarsa ta jinga, an kafa turke a farkonta da ƙarshenta, kuma yaro kafin ya san iyakar gonar ubansa ya san turken ubansa. Mai kula da ita gaba ɗaya shi ne Sarkin Jinga, wato Babana. Sarauta ce da ba rawani ba bafade. Dagi ake miƙa maka, na ƙarfe zalla, wanda aka gada tun kaka da kakanni, ka dafa shi a gaban dattawa ka rantse ba za ka taɓa saran jinga da shi ba sai don gyara. Kuma akwai doka da ko yaron goye ya sani: wanda ya fasa jinga, ba a zuwa gayyarsa. An yi ta ne don maɓarnata masu huda ta su kama kifi ko su sato wa gonarsu ruwa.

Ni ne babban ɗan Baba, ni ne kuma babban ciwon kansa. Allo na guje masa, ajin yaƙi da jahilci kuma na shiga ne don malamin yana raba alli, ni kuwa ina son zana masu tumbin garinmu a bango. Ɗan rubutun da nake yi yanzu ragowar wannan ɓarnar ne. Jiki kam Allah ya ba ni, sai dai a bakin kwano na fi nuna shi. Kullum da sassafe Baba zai fizge mini mayafi mu hau jinga, yana gaba yana caka dagi a ƙasa yana neman ramin gafiya, ina baya ina hamma. Wani wurin sai ya tsaya ya kwanta ya kara kunnensa a laka. Ya ce ruwa yana magana kafin ya yi ɓarna, marasa kunne ne ke cewa ya zo ba sallama. Ni da na kara nawa kunnen ba abin da na ji sai kukan cikina. Har yau in na rufe ido ina jin safiyar nan: kwaɗi suna ƙarasa surutunsu, masunta suna buga gora, yara suna kaɗa gwangwani a fadama suna korar tsuntsayen janbaki, ga lugude yana tasowa daga gidaje.

Amma ranar da gari yake gari ita ce ranar gayyar jinga, da rani, lokacin da kogi ya ja baya ya bar laka mai danƙo. Sarkin Jinga kaɗai ke da ikon kiranta. Makaɗi zai hau kan tudu yana kiran kowane gida da kirarinsa, maza su fito da kwanduna da fartanyoyi, wasu na haƙa, wasu na cuɗa laka da ciyawa da ƙafa, wasu na jido, tsofaffi na daɓe. Mata su jero tukwanen tuwon shinkafa da miyar kuka ta busasshen kifi, da ƙoren fura. Ni aikina a nan shi ne ɗaukar rabin kwando ina nishin cikakke, da tsokanar duk wanda santsi ya kayar. Baffana, ƙanin Baba, yakan ce da ana gina jinga da baki, da ni kaɗai na tare kogin har teku. A yi dariya, a zuba mini laka a wuya. Dole kuma a yi aikin da rani, don rana ta gasa lakar ta zama kamar tukunya. Lakar da aka ɗora bayan hadari ya fara haɗowa kunu ce kawai.

Yanzu ga ni a Doha, garin da ba a tare ruwa, korarsa ake yi. Jirage ne ke zuƙo yashi daga ƙarƙashin teku su amayar, kafin ka ankara inda kifi ke iyo bara ya zama titi da bene. Ba ganga, ba kirari, ba wanda ya san sunan uban na kusa da shi, kowa da hular kwano a ka yana jiran a ce halas, wato an tashi aiki. Da safe kuma ba kwaɗo ba lugude, sai gurnanin esi. Ina tuƙa wani tsohon Baturen Holan da ke ba masu wannan aikin shawara. Gidansa yana unguwar Al Mirqab, kuma tun ranar farko da na shigar masa da kaya falo na ga wani zane da ya tsayar da ni. Wani mutum ne cikin baƙaƙen kaya, da ɗan tsinin gemu, da sarƙar zinariya a ƙirji, wuyansa kuma an zagaye shi da wani farin abu mai faɗi. Ban iya riƙe bakina ba. Na ce Maigida, wannan sare kansa aka yi aka ɗora a faifai? Ya yi dariya har da tari, ya ce saura kaɗan. Ya ce kakan kakanninsa ne, kuma duk ƙasar da aiki ya kai shi da shi yake tafiya.

Labarin mutumin a cikin mota na ji shi, gutsure-gutsure, duk ranar da goslo ya riƙe mu, shi da Larabcin kasuwa ni da Turancin gadi. In na ƙara gishiri ko na rage, laifin kunnena ne. Ya ce ƙasarsu ma kwari ce, teku yana sama da gonaki, jinga ce ke riƙe da ransu. Na ce ashe kwaɗi ne irinmu. Kakan nan basarake ne, kamar a ce hakimi, yana da ƙasa da talakawa, yana zama a majalisar manya, kuma jingar yankinsa tana hannunsa. A zamanin, shekaru ɗaruruwa da suka wuce, suna ƙarƙashin Sarkin Sifen ne, wanda ke can nesa a ƙasar tudu. Da fari kakan mutumin sarki ne, ya ci gishirinsa, ya yi masa yaƙi. Sai sarki ya tsananta haraji, ya kuma shiga ƙona mutane a kan yadda suke ibada. Manyan ƙasa suka je roƙo, aka yi musu ba'a aka ce mabarata ne, daga baya ma aka fille wa wasunsu kai a tsakiyar kasuwa. Ganin gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, kakan ya sauya sheƙa ya koma wajen masu tawaye. Rundunar sarki ta zo ta yi wa wani babban birni ƙawanya har mutanen ciki suka fara cin kyanwa da kare. Majalisa ta zauna, ta ga ba ta da mayaƙan da za su kore su, sai ruwa. Aka ce a fasa jinga. Kakan ya ɗaga hannu ya yarda, alhali jingar yankinsa ce, gonakin talakawansa ne. Ruwa ya shiga, jirage suka bi ta kan gonaki, rundunar sarki ta gudu, birni ya tsira, aka rataya masa sarƙar nan.

Na tambaye shi, talakawan fa? Ya ce gonakin sun daɗe a ƙarƙashin ruwa. Ya ce a can suna da wata al'ada: wanda ya kasa gyara gaɓarsa ta jinga sai ya kafa shebur ɗinsa a kanta ya tafi, ya bar gona ya bar gida, duk wanda ya zare shebur ɗin kuma gonar ta zama tasa, nauyin jingar ma ya hau kansa. Ya ce a shekarar nan jingar kakansa ta cika da shebur a tsaye kamar an shuka su, ba mai zarewa. Shi ma kakan bai gama da daɗi ba. Da aka kori baƙo sai manyan suka juya wa juna, ɓangarensa ya sha ƙasa, aka tuɓe shi, ya mutu a kulle a wani ɗaki na sama yana kallon ruwa ta taga. Ina jin maganar shebur ɗin nan na taka burki ba dalili, wani Balarabe a bayanmu ya danna mini oda kamar zai cinye ni. Maigida ya ce lafiya? Na ce ƙafata ce ta zame. Ba ƙafa ba ce.

Shekarar da abin ya same mu na zama saurayi sosai, har an fara yi mini maganar aure ana dariya. Ba a taɓa shinkafa irin ta shekarar ba. Ta yi ciki ta sunkuya, ta fara ja, mata har sun fara gyaran rumbuna. Sai kogi ya kawo. Kullum ƙaruwa yake, har ya zo yana lasar leɓen jinga, maza duka muka tare a kanta muna ɗora laka da buhuna, ni ma a karon nan cikakken kwando nake ɗauka, don tsoro ya fi Baba iya sa ni aiki. Jingarmu kuwa ta riƙe. Wannan riƙewar ita ce laifinmu, don ruwan da ya rasa hanya ta wajenmu sai ya juya wa birni.

Da hantsi muka hango babban kwale-kwale da lema a ciki. Hakimi ne da kansa, da dogarai, da wasu leburori riƙe da diga. Bai sauko ba, aka dai matso da shi gefen jinga. Baba ya durƙusa a cikin laka ya yi gaisuwa. Hakimi ya ce ruwa ya ci kasuwa, yana gindin katangar asibiti, in ba a ba shi hanya ta fadamarmu ba kafin azahar, birni ya tafi. Ya ce za a aiko mana da hatsi, za a aiko da ma'aikata su gyara da rani. Ba ya faɗa, ba ya zagi, idonsa ma ja ne kamar wanda ya yi kuka.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi rantsuwa a kan dagin nan."

Hakimi ya ce, "Rantsuwa tana da kaffara, Sarkin Jinga. Birni ba shi da ita."

Sai ya nuna wa leburorinsa da sanda inda za su sara, daidai kwanar da kwale-kwalensa ya tsaya. Kwanar nan kuwa ita ce ke kallon gidajenmu, da an buɗe ta da ko kaza ba ta fita ba. Baba ya dubi kwanar, ya dubi gari. Sannan ya miƙe ya ce in dai sai an sara, to ba nan ba, kuma ba su ba. Ya sa na ruga na ce a kaɗa gangar tashi, kowa ya fito daga fadama da yaransa da dabbobinsa. Da na dawo na tarar da shi can ƙarshen jinga, a gaɓar gidanmu, gaban gonarmu, inda ƙasa ta gangara nesa da gidaje. Na ɗauki fartanya zan taya shi, sai ya take ta da ƙafa.

Ya ce, "Ajiye. Wannan hannu ɗaya ya isa ya ɗauke shi. Kai za ka zauna a garin nan bayana."

Shi kaɗai ya sara, gari duka yana tsaye yana kallo. Ban san sara nawa ya yi ba. Na dai ji jinga ta yi wani nishi kamar sa da aka kayar, sannan ruwa ya kutso ja wur, ya yage wurin ya faɗaɗa shi da kansa. Shinkafa ta kwanta, ta ɗago, ta sake kwanciya, shi ke nan ba a ƙara ganinta ba. Baffa yana tsaye da kwandon laka a ka, ya manta bai sauke ba, lakar tana ɗiga masa a fuska. A hankali ya ce, "Yaya, me ka yi mana?" Baba ya sauke dagi ya dogara a kansa. Kafin mu waiwaya lemar hakimi ta kai tsakiyar kogi.

Ran nan ko akuya ba ta mutu ba, ko ɗaki ɗaya bai faɗi ba, kuma birni ya tsira. Muka ji a rediyon mai shayi ana yabon hakimi, aka ce har alkyabba aka ba shi. Hatsin da aka aiko mana kuwa kaji ma sun raina shi. Muka shiga cin bado da tafasa, manya suka rame, yara suka kumbura. Kafin rani ya yi nisa an binne ƙananan yara da dama, cikinsu har da autar Baffa, wadda nake ɗorawa a wuya ina yi mata kukan jaki. Baba ya je gaisuwa, Baffa ya amsa masa da ka kawai. Daga nan in Baba ya shiga sahu sai a bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa, in ya iso gindin tsamiya hira ta mutu. Ba wanda ya zage shi. Da ma zagin aka yi da ya fi sauƙi. Da yawansu sun san ya ceci gidajensu, amma ruwan da ya dake ka shi ne ruwa, kuma wanda ya binne ɗa ba ya lissafin ɗakin da bai faɗi ba.

Rani ya yi, kogi ya ja baya, ga gibi nan a buɗe kamar bakin mara haƙori. Ma'aikatan hakimi ba su zo ba. Baba ya haye birni ya zauna a ƙofar fada har ya gaji, aka ce ana nan ana dubawa. To ga kullin da muka ɗaura wa kanmu: ba mai kiran gayyar jinga sai Sarkin Jinga, kuma ba a zuwa gayyar wanda ya fasa jinga. Baba ya kai dagi gindin tsamiya ya ajiye a gaban dattawa, ya ce a ba wani. Ba wanda ya miƙa hannu, don kowa ya ga abin da riƙe shi ke jawowa ranar da lema ta sake tsallakowa. Ya bi gida gida, ya ce to shi zai kira, amma ranar zai kulle kansa a ɗaki, su je su yi ba tare da sun ga fuskarsa ba. Baffa ya ce doka ba ta ce fuska ba, gayya ta ce. Ya ce wanda ya fasa shi zai ɗinke, ko hakiminsa ya zo ya ɗinke. Da yawa kuma sun ɗauka in muka ƙi taɓawa, dole gwamnati ta ji kunya ta zo. Mu kwaɗi, mun ɗauka ana jin kunyarmu.

Duk da haka Baba ya sa rana. Ya sayar da saniyarmu da ta rage ya sayo shinkafa daga birni, shinkafar wasu, mu da muke sayar musu. Inna da 'yan'uwana mata suka yi tuwo tukunya tukunya, muka jera a kan jinga. Makaɗi ya zo, don ya ce shi ganga yake bi ba mutum ba. Ya hau tudu ya fara kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya da kirarinsu, kamar yadda aka saba. Muna hango maza a gindin tsamiya, sun ba mu baya suna gyaran koma. In an kira kirarin gidan mutum sai ka ga kafaɗarsa ta motsa, amma bai juyo ba. Rana ta take, makaɗi ya zagayo gari kaf ya sake farowa, muryarsa ta dishe, daga baya ya sauke gangar ya zauna yana kallon ƙafarsa. Ƙuda ya fara bin miya. Ni da ban taɓa barin kwano da saura ba, ran nan ko hannu ban sa ba. Can Baba ya ce a kira yara su ci. Suka taho da gudu, tsirara, da manyan cikuna, suka far wa tukwanen. Iyayensu suna ji, ba wanda ya hana su, ba kuma wanda ya taso.

Da suka gama Baba ya ɗauki kwando ya miƙo mini ɗaya. Mu biyu muka yi ranin nan muna jidar laka, wani lokaci Inna ta taya mu cuɗawa. Abin da gari ke yi a yini, mu sai mu yi mako muna kai. Bayansa ya ranƙwafe, tafin hannuna ya zama kamar fatar kada, kuma a nan na daina ba'a, ba don hankali ya zo mini ba, don ba mai dariya. Sai da hadari ya fara haɗowa a gabas, aka tabbatar ba wata gwamnati, sannan maza suka fara zuwa ɗaya ɗaya, ba ganga ba tuwo, kowa ya zuba lakarsa ba tare da ya ɗaga ido ba. Baffa ne ya zo ƙarshe, ya kuma fi kowa jido. Baba ya dafa sabuwar lakar, yatsansa ya nutse. Ya ce Allah ya saka da alheri, amma rana ba ta gan ta ba.

Kogi bai ma kai na bara ba, amma ya san hanya. Gyaran ya narke kamar sukari a koko, ruwa ya shiga ta tsohon gibin, ya haƙa wa kansa kwazazzabo, wannan karon ya karkato gidaje. Da rana tsaka aka yi, shi ya sa aka tsira da rai, amma ɗakuna suka riƙa zama ɗaya bayan ɗaya kamar raƙuma. Kowa ya loda abin da ya samu a kwale-kwale, wasu gabas wasu yamma, kuma garin bai sake haɗuwa ba. Mu ne ƙarshen tashi. Baba ya hau guntun gaɓarmu da ya rage, ya ɗaga dagi da hannu biyu ya kafa shi a ƙasa har ya kusa rabi. Na ce Baba ka manta dagi. Ya ce bai manta ba, na jinga ne, ba namu ba ne. Mu ba mu da al'adar kafa komai, bai kuma taɓa jin akwai wata ƙasa Holan ba. Ya dai kafa ya shigo jirgi, ya zauna yana kallon gaba.

A birni muka ƙare, a wani zaure na haya. Ɗan Sarkin Jinga ya zama mai ga-ruwa, ina tura kura ina sayar wa mutane abin da ya cinye mu. Baba yakan zauna a bakin kasuwar nan da ya hana ruwa ci, yara su wuce su ce tsohon kwaɗo. Bai taɓa gaya wa kowa ko shi wane ne ba, ya kuma hana ni. Hakimin ma da siyasa ta juya aka tuɓe shi, na gan shi da idona yana jiran mota a tasha ba mai riƙe masa lema. Baba ya rasu da rani, muka binne shi a maƙabartarsu da ke kan tudu, busasshiya ƙamas.

Kwanan baya Maigida ya ce ya gama, zai koma gida. Kafilina kuma, wanda ya tsaya mini na shigo ƙasar, ya ce gemuna ya yi fari da yawa, ba zai sabunta mini iƙama, wato takardar zama, ba. Ranar da ake ɗaure kaya ya kira ni in kama masa zanen mu sauke, don bai yarda da hannun masu kwasa ba. Muna riƙe da shi na ba shi labarin Baba, iya abin da Turancina ya iya ɗauka. Sai ya ce ashe kakansa da ubana abu ɗaya suka yi. Ni ma da haka na ɗauka. Amma ran nan fuskata tana dab da zanen, sai na ga hannayen mutumin, farare sumul, ɗaya a kan takobi ɗaya riƙe da safar hannu. A bayansa kuma akwai 'yar taga, ruwa ya shafe komai sai kan wata hasumiya.

Na ce, "A'a, Maigida. Kakanka mai lema ne. Babana yana can cikin tagar, mai zanen ne bai sa shi ba."

Ya sa tabarau ya daɗe yana duban tagar. Ya ce tun yana yaro yake kallon zanen nan, bai taɓa tambayar wa ya riƙe shebur ɗin ba, kuma yanzu ba sauran wanda za a tambaya. Sannan ya ce yalla, mu ɗaga, muka sa kakan a akwati aka buga ƙusa. Shi dai ya san inda za a kai shi.

Da na koma ɗaki na aika wa jikana saƙon murya. Na ce ya je wurin tifofin nan kafin su gama, ya bi tudun har ƙarshensa ta yamma, ya duba ko zai ga wani dogon ƙarfe a kafe. Amsarsa ta zo yana dariya har yana shaƙewa. Ya ce, "Haba Kaka, ƙarfe? Ai ko ƙusa ce 'yan gwangwan ba sa bari ta kwana."

To shi ke nan, an zare. In dokar mutanen Maigida gaskiya ce, akwai wani bawan Allah can da ya ɗora dagin Baba a sikeli, bai san ya gaji fadama da kogi da gibin da ba a ɗinke ba. Shi ne Sarkin Jinga yanzu. Allah ya taya shi riƙo, in ya kira gayya kuma Allah ya sa a zo masa.